Darasi na Tara: Haƙƙin Tsohon Soja da Aikin Ɗan Majalisa

Abin da ake so mai koyo ya samu a wannan darasi shi ne ya iya rarrabe abin da doka ta wajabta a ba tsohon soja da abin da ɗan siyasa ke bayarwa don ganin damarsa, ya san wakilin da ake kai wa kowace irin matsala, kuma ya iya rubuta takardar koke da hannunsa.

Karatu

Wanda ya fito daga birnin Katsina ya kama hanyar Dutsin-ma zuwa Batagarawa zai wuce babbar kwalejin kimiyya da fasaha mai ɗauke da sunan Hassan Usman Katsina. Janar Hassan ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne. Shi ne gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, kuma a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka ba shi shugabancin rundunar sojan ƙasa. Sunansa na nan a jikin ƙofar makaranta, kowa na karantawa. Kuratan da suka yi yaƙin a ƙarƙashinsa kuwa, masu igiya ɗaya da masu igiya biyu da waɗanda ko igiyar ba su samu ba, sai 'yan unguwarsu kaɗai suka san su. In aka bi Ajiwa, Barawa, Dandagoro, Kayauki da cikin garin Batagarawa gida-gida, za a tarar da gidajen da wani ya taɓa sa kaki, ko ya dawo da ƙafarsa, ko saƙon rasuwarsa kawai ya iso.

Sa kaki tsohon abu ne a ƙasar Katsina. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kwashi samari daga Arewa, wasu aka kai su Habasha, wasu kuma Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1944, shekarar da Usman Nagogo ya hau gadon sarauta, ya yi tattaki har Bama ya gana da sojojin Nijeriya da ke can. 'Yan Bama yanzu kusan duk sun kwanta dama. Bayansu sai na yaƙin basasa, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba, amma da aka gama sun kai wajen 250,000. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 a 1968, yau ya doshi 80. Daga nan sai waɗanda suka je Laberiya tun daga 1990 da Saliyo a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, sai na Borno da Yobe tun 2009, sai kuma na kusa da mu, masu fama da 'yan bindiga a yankin Batsari, Jibiya da Safana. Saboda haka in an ce tsohon soja, kada hankalinku ya tafi ga dattijo mai sanda kaɗai. Akwai ɗan shekara 40 da ya bar ƙafa ɗaya a daji, akwai yarinyar da aka bar wa goyo da 'yan yaye.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya. A da 11 ga Nuwamba ake yi, tare da sauran ƙasashe rainon Ingila, sai aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Ana addu'a a masallacin Juma'a da coci, ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ana kuma sayar da ɗan bajon nan da manya ke maƙalawa a ƙirji, kuɗinsa ya tafi ga ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Nigerian Legion, wadda aka kafa da doka a 1964. Biki ne mai kyau. Sai dai kwana ɗaya ne, shekara kuwa kwana 365 ce.

Abin da doka ta ba shi

Ɗan ƙwadagon da ya yini yana huɗa a gonar wani, in yamma ta yi aka miƙa masa ladansa, ba ya durƙusawa ya ce an yi masa sadaka. Haka fanshon soja yake: aikin an riga an yi, biya ne ya rage. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a riƙe wa ma'aikacin tarayya fansho ko garatutinsa, ba a kuma sauya masa shi ta yadda zai cutu, sai ta hanyar da doka ta yarda. Ya ƙara da cewa a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk wanda ya riga zuwa. Soja na cikin ma'aikatan da wannan sashe ya rufe.

Mai biyan kuɗin ita ce Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro. Ita ke biyan garatuti, wanda sau ɗaya ake bayarwa a dunƙule, da fansho na wata-wata, da kuma haƙƙin wanda ya rasu a bakin aiki. Akwai wani kuɗi da tsofaffin sojoji ke kira SDA, wanda ake ba wanda ya bar aiki don kada talauci ya kai shi ga yin amfani da sanin makaminsa a kan ƙasar da ya yi wa hidima. Jinkirin biyansa da na bashin ƙarin fansho ne ya sa tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disamba 2024, suka sake komawa a Janairu 2025. Ta fuskar lafiya akwai kamfanin inshora na soja da ake kira DHML, wanda ke biya wa tsohon soja kuɗin magani a asibitin da aka yi masa rajista. A nan akwai abin lura ga gidajenmu: inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya miji da mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18 take ɗauka, don haka mai mata biyu da 'ya'ya goma ya san cewa sauran suna wuyansa. Kafin a sallami soja kuma, ana iya tura shi cibiyar koyon sana'a ta Oshodi a Legas ya yi wata 6 yana koyon abin da zai riƙe kansa da shi, kamar kiwon kaji, ɗinki ko walda.

Duk waɗannan na Gwamnatin Tarayya ne. Tsarin Mulki ya sa tsaro, soja da fanshon da ake biya daga baitulmalin tarayya a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna ba ya biyan fanshon soja, balle shugaban ƙaramar hukuma. In gwamnan jiha ya ba ƙungiyar 'yan mazan jiya mota ko gudummawa ranar 15 ga Janairu, kyauta ce, a gode masa. Akasin haka shi ne jami'an tsaron al'umma na jiha, waɗanda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023. Su jiha ta ɗauka, saboda haka in ɗayansu ya ji rauni ko ya rasu, zancen iyalinsa a nan Katsina za a yi shi, ba a Hukumar Fanshon Soja ba.

Wakilan mutumin Batagarawa

Mai zaɓe a Batagarawa yana da wakilai huɗu masu zama a majalisa. Akwai kansilan gundumarsa. Akwai ɗan majalisar dokokin jiha, ɗaya daga cikin 34. Akwai ɗan majalisar wakilai, wanda muke tarayya a kansa da Rimi da Charanchi, ɗaya daga cikin 15 da Jihar Katsina ke turawa majalisa mai kujeru 360. Sai sanatan Katsina ta Tsakiya, mai ƙananan hukumomi 11, ɗaya daga cikin 109. Mu dai duk "Honorabul" muke ce musu, duk kuma buƙata iri ɗaya muke kai musu, daga kuɗin suna har na asibiti. Amma ikonsu ba ɗaya ba ne. Matsalar fanshon soja ta biyun ƙarshe ce. Kansila da ɗan majalisar jiha iyakarsu su raka mutum, ko su yi masa hanyar ganin na Abuja.

Aikin ɗan majalisa a doka uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe abin da aka ba su. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike da ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse ba ya cikin ukun nan. To, daga ina aikin mazaɓa ya fito?

Tun zamanin mulkin Obasanjo aka fara ware wani kaso a kasafin tarayya wanda 'yan majalisa ke zaɓar ayyukan da za a yi da shi a yankunansu. Shekaru da dama kason yana naira biliyan 100 a shekara, ana raba shi tsakanin 'yan majalisa 469, ko da yake rabon ba daidai wa daida ba ne. A ƙa'ida ba a miƙa wa ɗan majalisa kuɗin a hannu. Shi dai ya faɗi aikin da wurin, a sa shi a kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ta ba da kwangila, ita ta biya ɗan kwangila. Ke nan taransifoma ko ajin da aka rubuta wa "Honorabul wane ya kawo", da kuɗin jama'a aka yi shi. Ƙoƙarin Honorabul shi ne ya jawo shi nan bai bari ya tafi wani wuri ba, kuma wannan ma abin yabo ne in aikin ya tsaya da ƙafarsa. Sau da yawa ba ya tsayawa. A Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an ware wajen naira tiriliyan 1 don ayyukan mazaɓu cikin shekara 10, amma talaka bai ga amfanin da ya kai yawan kuɗin ba. A shekarar ce hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ƙwato taraktoci, motocin asibiti da wasu kayayyakin da aka saya da sunan jama'a aka ɓoye.

Rabon kekunan ɗinki, injinan markaɗe, babura da buhunan shinkafa shi ya fi tara jama'a, shi ne kuma ya fi wuyar bin sawu. Aji ana iya zuwa a ƙirga tagoginsa bayan shekara uku. Injin markaɗe 200 kuwa, wa zai ce ga inda suka kwana? Ba a cewa tsohon soja ya ƙi karɓa in an kira sunansa. Ya karɓa, ya yi godiya, amma ya sani cewa bashin fanshonsa na nan daram, shinkafa ba ta rage ko kwabo daga ciki ba.

Inda wakili ke da amfani na gaske

A 2004 aka kawo sabon tsarin fansho na adashi, wanda ake cirar wani abu daga albashin ma'aikaci kowane wata ana tara masa a kamfani. Har sojoji aka sa a ciki. Suka yi ta kukan cewa abin da ke fitowa bayan ritaya bai taka kara ya karya ba, kuma aikin da ake shiga da rai a hannu bai kamata a auna shi da na ofis ba. A 2011 Majalisar Tarayya ta yi wa dokar gyara ta fitar da su, dokar fansho ta 2014 ta sake tabbatar da haka. Yau ba a cirar kuɗin fansho daga albashin soja, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin duka. Wannan gyara na 'yan layuka kaɗan ya taɓa aljihun kowane soja da ya yi ritaya tun daga lokacin, daga Batagarawa har Kalaba, kuma babu rabon kaya da ya taɓa kaiwa nan. Irin wannan aiki ne wanda ba ya zuwa da makaɗa da rumfa, shi ya sa ba mu cika tambayar wakilanmu a kansa ba.

Mutanen wannan yanki ba su yi nisa da inda ake yanke irin wannan shawara ba. Malam Lawal Batagarawa ya riƙe muƙamin ƙaramin ministan tsaro mai kula da sojan ƙasa a zangon farko na mulkin Obasanjo. A zaɓen 2023 kuma Katsina ta Tsakiya ta tura Abdulaziz Musa 'Yar'aduwa Majalisar Dattawa. Shi kansa tsohon soja ne, da muƙamin laftanar-kanar ya bar aiki, ƙanen marigayi Janar Shehu da marigayi Shugaba Umaru, kuma shi aka ba shugabancin kwamitin sojan ƙasa na majalisar. Kwamiti irin wannan shi ke zama da hafsoshi a kan kasafin runduna, yana kuma iya tambayarsu dalilin da ya sa fayil ɗin mamaci ya shekara bai motsa ba. Hukumar fanshon kanta kwamitin tsaro ne ke duba ta, amma sanata ba ya rasa yadda zai isar da magana ga abokin zamansa. Samun kujera dai daban, amfani da ita daban, kuma masu zaɓe ne za su auna, ko wane ne a kai.

Hanyar da doka ta tanada ita ce takardar koke. Majalisun biyu kowace na da kwamitin sauraren koke-koken jama'a. Ɗan majalisa ne ke gabatar da takardar a zauren majalisa, a miƙa ta ga kwamiti, kwamiti ya kira mai koke da hukumar da ake kuka da ita, kowa ya faɗi nasa. Ba a biyan kuɗi. Koken mutum 30 da suka haɗu ta reshen ƙungiyarsu ya fi na mutum ɗaya nauyi, kuma abin da aka rubuta ya fi abin da aka raɗa wa yaron Honorabul a bakin gareji daɗewa.

Takardu da magaji

Koke ba ya tafiya sai da hujja. Tsohon soja ya adana takardar sallamarsa, lambarsa ta soja, katin shaidar ritaya da takardar banki mai nuna watan da kuɗi suka daina shiga. Ya yi hoton kowace, ya bar na asali a gida cikin leda inda gara da ruwa ba za su kai ba. In an yi shelar tantancewa ya tabbata an tantance shi, domin wanda bai bayyana ba ana iya ɗauka ya rasu a tsayar da kuɗinsa. Duk wanda ya bugo waya ya ce shi jami'in fansho ne, a turo masa wani abu ko lambar sirri ta katin banki don ya fito da kuɗi, ɓarawo ne.

Batun magaji ya fi kowanne haddasa rigima a gidajenmu. Yaro ya shiga soja yana saurayi, ya rubuta sunan wansa a matsayin wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, bai koma ya gyara takarda ba. Ranar da ya faɗi, hukuma sunan da ke fayil take bi. Wan nan in mai tsoron Allah ne, ya karɓo ya kawo a raba. In ba haka ba, matar da marayu su shiga zarya tsakanin gidan mai unguwa da kotu. Iyaye mata da ke wannan aji, ku tambayi mazajenku da 'ya'yanku masu kaki sunan wa ke takardarsu, tun suna raye, ba rashin kunya ba ne. Wanda aka rubuta kuma ya sani an ba shi amanar karɓowa ne. Yadda za a raba wa magada, wannan sai a koma ga malamai da alƙali.

Samfurin takardar koke

Unguwar ………, Gundumar ………,
Ƙaramar Hukumar Batagarawa, Jihar Katsina.
Kwanan wata: ………

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Wakilai,
Mazaɓar Batagarawa, Rimi da Charanchi.

Ranka ya daɗe,

Koke a kan tsayar da fansho

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne ………, tsohon soja mai lamba ………, na bar aiki da muƙamin ……… a shekarar ………. Ina karɓar fanshona ta bankin ……… har zuwa watan ………, daga nan bai sake shigowa ba. An tantance ni ranar ………. Na rubuta wa Hukumar Fanshon Soja ranar ………, har yau ban ji amsa ba. Ina roƙon ka gabatar da wannan koke a gaban majalisa, a binciki dalili, a biya ni bashin wata ………. Na haɗo da hoton takardar sallama, katin shaida da takardar banki.

Na gode, Allah ya taimake ka.

Sa hannu ko dangwale: ………
Lambar waya: ………

A yi kwafi biyu. A kai ɗaya ofishin mazaɓa, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a jikin ɗayan, a dawo da shi gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka zaɓi 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya?
2. Wace hukuma ke biyan fanshon soja, kuma a ƙarƙashin wace ma'aikata take?
3. Matar jami'in tsaron al'umma na jiha da matar soja duk sun rasa mazajensu a bakin aiki. Wane wakili kowace za ta nema, kuma don me?
4. Wane gyara Majalisar Tarayya ta yi a 2011?

Lissafi

A ce fanshon wani dattijo naira 60,000 ne a wata, aka tsayar da shi wata 7. A cikin wannan lokaci ya sami kyautar naira 10,000 sau biyu daga wani ɗan siyasa. Nawa yake bin gwamnati? Ku tattauna ko kyautar ta shiga lissafin.

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi aikin mazaɓa ɗaya a gundumarsa, aji ne, burtsatse ne ko fitilar kan titi. Ku kwafo abin da ke jikin allonsa: sunan aikin, hukumar da ta ba da kwangila, ɗan kwangila da shekara. Ku duba ko yana aiki. In babu allo, ku tambayi mai unguwa ko kansila wanda ya kawo shi. Wanda ke da tsohon soja ko matar mamacin soja a maƙwabtansa ya nemi izininsu, ya taimaka musu su jera takardun da aka lissafa a sama, ya zo wa aji da bayanin waɗanda suka ɓata ba tare da ambaton sunan mai su ba.